Hadarin Da Ya Tsallake Gonar Maƙwabci

A Hawata, garin da ke bakin kogin Rahad a jihar Gadarif ta Sudan, inda Hausawa suka zauna tun zamanin tafiya Makka a ƙasa, noman dawa da riɗi ya dogara ga ruwan sama. Sau da yawa hadari yakan zuba a gonar wani, ta maƙwabcinsa kuwa ta kwana a bushe. To, wanda ya samu ya fi ɗan'uwansa kirki ke nan?

Masana yanayi sun bayyana yadda abin yake. Da damina iska mai laima takan taso daga kudu maso yamma. Zafin rana ya ɗaga ta sama, ta yi sanyi, tururin da ke cikinta ya taru a kan ƙura ya zama girgije. In ɗigon ya yi nauyi, sai ya faɗo. Irin wannan hadari ba shi da faɗi sosai, shi ya sa yakan jiƙa nan ya bar can. Ba ya duban halin mai gona. A farin 1984 a Sudan, mai himma da rago duka sun sha wuya.

Saboda haka wanda rumbunsa ya cika ba shi da abin fahariya, gama noma ya yi, bai kira girgije ba. Wajibinsa ne ya auna wa maƙwabci hatsi ba gori, kada ya ɗaure shi da bashin da zai cinye amfaninsa tun yana gona. Baɗi hadari yana iya tsallake tasa gonar.