Sallamar Mai Neman Ƙuri'a

Idan kakar zaɓe ta kama, sai ka ga mutumin da bai taɓa taka lungunku ba, ko da ranar suna ko ta'aziyya, ya tsaya a ƙofar zaure ya aiki yaro ya ce ana sallama da maigida, alhali matan tawagarsa sun riga sun kutsa cikin gida da sabulu da taliya da turmin atamfa. Malamai da yawa sun ƙyamaci wannan yawo tun daga tushensa, hujjarsu kuwa ita ce hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, domin wanda ya nema a kan bar shi da kayansa, wanda aka ɗora wa kuwa a kan taimake shi.

Sai dai mas'alar ba ta ƙare a nan ba, domin Annabi Yusuf, alaihissalam, da bakinsa ya nemi a sa shi bisa taskokin Masar, Imam Mawardi kuma bai ɗauki neman imamanci makaruhi ba. Hatta zagayen gidajen yana da asali: bayan rasuwar Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan Hijira, Abdurrahman ɗan Aufu ya kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin wanda suka fi so tsakanin Usman da Ali, har Ibnu Kasir ya ambata cewa bai bar matan da ke cikin kulle ba. Abin lura, sai da ya cire kansa daga takarar tukuna, kuma sauraro ne ya kai shi. A nan Arewa ma Hajiya Gambo Sawaba ta bi gidajen Kano domin jam'iyyar NEPU har aka ɗaure ta, tun kafin matan Arewa su sami ƙuri'a a 1976.

A ganina aibin yana cikin abin da ake ƙullawa bayan gaisuwa. Ƙuri'a shaida ce, mai jefa ta yana shaidar cewa wane ya cancanci amana, saboda haka wanda ya miƙa wa bazawara mai marayu sabulu, ya rubuta lambar katin zaɓenta, sa'an nan ya ɗauko Alƙur'ani ya rantsar da ita, shaidar zur ya zo saye, kuma alhakin ya fi nauyi a wuyansa, tun da ita yunwa ce ta sa ta miƙa hannu. Rantsuwar ma ba ta ɗaure ta ba, domin ƙarshen wancan hadisi na ɗan Samura ya koyar da cewa wanda ya rantse, daga baya ya ga abin da ya fi alheri, to ya aikata shi ya yi kaffara. Kaffarar kuwa ciyar da miskinai goma ce, ko tufatar da su, wanda bai samu ba ya yi azumin kwana uku, abin da ban taɓa jin wani ɗan kamfe ya tsaya ya bayyana wa matan gida ba.