Labarin Zuciya A Tambayi Wa?

Masu iya magana sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Muddin mutum yana cikin hayyacinsa, fuskarsa da harshensa sun isa shaida a kan abin da ke cin ransa. To amma ina za mu dosa idan gigin tsufa ya kama dattijo, harshe ya sarƙe, fuska ta daskare, ya yini bai ce uffan ba? Baƙin ciki ne ya danne shi, ko kuwa cutar ce ta cinye masa sha'awar komai? Daga amsar wannan tambaya ne za a yanke ko a nema masa magani, ko a zauna a ɗebe masa kewa, ko a yasar da shi a lungu a ce ai tsufa ne.

A shekarar 1901 wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, ya soma duba wata mata mai suna Auguste Deter a birnin Farankfot. Bai sami ganin ƙwaƙwalwarta ba sai da ta rasu a 1906. A yau na'urar MRI, wadda ke aiki da ƙarfin maganaɗisu, tana ɗauko hoton ƙwaƙwalwar mutum yana kwance yana numfashi. Da ita aka lura cewa tsofaffi masu ciwon damuwa sukan yawaita samun fararen tabbai a cikin ƙwaƙwalwa, alamar ƙananan jijiyoyin jini sun lalace. A kan haka ne George Alexopoulos da abokan aikinsa a Amurka suka kawo ra'ayi a 1997 cewa wata damuwar ta tsufa daga jijiyoyin jini take tasowa.

Ba za mu raina wannan ilimi ba. Mu da muka san yadda a ƙasar nan akan jefi tsohuwar da ta ruɗe da maita, ko a ce dattijo mugun hali ne ya tashi masa da tsufa, mun san darajar takardar da za a ɗaga a ce ga rauni nan, ku gani da idonku. Hoto yakan wanke mara lafiya daga zargin da ba shi da bakin karewa.

Sai dai hoton bai taɓa ɗauko baƙin ciki ba. Irin waɗannan tabbai ana samun su a kan tsohon da ke raha da jikokinsa. Bambancin da masu bincike ke gani yana fitowa ne idan an auna jama'a da jama'a, ba Malam Wane shi kaɗai ba, shi ya sa likita ba ya duba hoto ya yanke cewa wannan yana da ciwon damuwa. Abin da aka fi dogara da shi shi ne tambaya. Ma'aunin Cornell, wanda shi dai Alexopoulos ɗin ya fitar a 1988, abubuwa 19 yake bi, kuma ana tambayar mara lafiya tare da mai jinyarsa: yana barci? yana cin abinci? ya daina murna da abin da yake so a da? Wato duk da tsadar na'ura, an koma ga 'yar da ke yi masa wanka da matar da ke kai masa koko.

Maganin ma bai zo da sauƙi ba. A 2011 wani gwaji da Sube Banerjee ya jagoranta a Ingila ya nuna cewa sanannun magungunan damuwa guda biyu ba su fi ƙwayar da babu magani a cikinta amfani ba ga masu cutar Alzheimer, sai ma ƙarin illa. Wanda ya zaci cewa da an ga tabo an gama sanin ciwo, nan ya kamata ya dakata.

A ganinmu, matsalar ɗabi'a tana cikin wata jimla da dukanmu mun taɓa furtawa ko mun ji an furta: “Ai ba zai tuna ba.” Da ita muke yafe wa kanmu ziyarar da ba mu kai ba, da tsawar da muka daka wa tsoho don ya maimaita tambaya sau biyar. Mun ɗauka cewa wanda ba ya riƙe dalilin ɓacin ransa ba ya riƙe ɓacin ran. Masu nazarin adabi irinmu sun fi kowa faɗawa wannan rami, domin mun saba da cewa baƙin ciki sai da labari, sai da mafari da sanadi.

A 2014 masu bincike a Jami'ar Iowa suka nuna wa mutum 17 masu cutar Alzheimer gutsattsarin finafinai, wasu na ban tausayi, wasu na ban dariya. Ba a jima ba suka manta yawancin abin da suka kalla, wasu ma ba su tuna komai daga abin da aka nuna musu ba. Amma murnar ta zauna, baƙin cikin ma ya zauna, har wajen rabin sa'a bayan an kashe fim. Kuma waɗanda suka fi mantawa su ne baƙin cikin ya fi daɗewa a ransu.