Kwaɓin da Bai Tashi Ba

'Yan'uwana mata, da ku mazan da kuke karanta 'yan littattafan nan namu a ɓoye alhali kuna cewa na mata ne. Tambayar da nake so mu duba a yau gajeriya ce, amma ta daɗe tana cin rayuka a ƙasarmu: wa ke da ikon cewa lokacin abu ya yi? Zan ɗauko amsar daga madafi, domin can ne aka yarda mace tana da ilimi ba tare da gardama ba.

Duk wadda ta taɓa yin gurasa ta san tun kafin a hura tanderu aikin ya yi nisa. Za ki tankaɗe fulawa, ki zuba yis da ɗan gishiri da sukari, ki kwaɓa da ruwan ɗumi, ki rufe, sannan ki zauna jira. Da bazara kafin ki gama share tsakar gida ya kumbura ya ɗaga murfi. Da hunturu kuwa, lokacin da sanyin fadamar Haɗejiya ke shiga har ƙashi, sai kin nannaɗe kwanon da tsohon zane kin kai shi kusa da murhu, kuma duk da haka sai ya ga dama. Idan gaggawa ta ɗebe ki kika manna shi a jikin tanderu bai tashi ba, gurasar za ta fito da tauri kamar tafin takalmi, ko ɗan tallan ba zai iya sayar da ita ba. Haka alkaki, sai ɓarzajjiyar alkama ta sha mai ta kwana ta yi laushi kafin a naɗa a soya a tsoma a ruwan sukari. Haka kek ɗin da muke gasawa a gwangwanayen madara, a cikin tukunyar da aka shimfiɗa wa yashi, garwashi a ƙasa garwashi a kan murfi. Mai buɗe murfin nan kafin lokaci ita ce mai kwasar asara.

To ku lura da wani abu. A duk faɗin Kafin Hausa, daga cikin gari har Bulangu, ban taɓa jin maigidan da ya shiga madafi ya ɗaga murfin kwano ya ce wa matarsa, "Kwaɓin nan ya tashi, gasa shi yanzu," ba. Ko uwar miji mai faɗa ba ta yin haka. Kowa ya sallama cewa wadda hannunta ke cikin kwaɓi ita ta san lokacinsa. Maza su ne ke noma alkamar a fadamun Auyo da Haɗejiya da rani, su ne ke kai ta inji, amma da ta zama gari ta shigo gida, hukunci ya koma hannun mace. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, macen nan da aka yarda ta san lokacin fulawar naira dubu, ita ce kuma ake cewa ba ta san lokacin jikinta ba.

Mu masu toye-toye muna ganin abin da wasu ba sa gani, domin babu auren da ake yi ba a biyo ta hannunmu ba. Mu ke yin alkaki da nakiya da dubulan da cincin na gara. Idan aka kawo aikin gara nakan tambayi shekarun amarya, kuma sau da yawa amsar da nake ji takan sa hannuna ya yi sanyi a cikin kwaɓi. Bayan shekara guda sai labari ya dawo. Wata an yi suna lafiya, alhamdu lillahi. Wata an kai ta makwancinta da jaririn a ciki. Wata kuma tana nan da rai a ɗakin bayan gidan ubanta, miji ya sake ta, ƙawaye sun daina zuwa saboda zarni.

Bari in yi bayanin wannan lalura ta yoyon fitsari a fili, domin kunyar faɗinta ce ke ƙara mata ƙarfi. Idan naƙuda ta yi tsawo, kwana biyu ko uku, kan jariri ya tokare a ƙugu ya kasa fita, to yana danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan 'yan kwanaki ya zube ya bar ƙofa. Daga nan fitsari ba ya tsayawa. Yawanci jaririn ma ba ya rayuwa. Tana samun manyan mata ma, kuma yankan gishiri na jawo ta, amma yarinyar da ƙugunta bai gama buɗewa ba ta fi kowa kusa da ita. Ba aljanu ba ne, ba jifan kishiya ba ne, kuma ana warkewa. A babban asibitin Jahun, nan maƙwabtanmu, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana aikin haihuwa da gyaran yoyon fitsari tun 2008. Kafin su, Dokta Kees Waaldijk, mutumin ƙasar Holan, ya yi shekaru yana ɗinke dubban mata a Babbar Ruga ta Katsina da kuma Kano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 ne suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, wato fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk waɗanda suka mutu haka a duniya a shekarar.

Abin da ya fi ciwo shi ne yawancin jinkirin a cikin gida yake farawa. Mace tana murƙususu, an san abin ya fi ƙarfin ungozoma, amma maigida ya tafi cin rani ko yana gona, babu mai iya cewa a fita da ita. Kafin a samo izini dare ya yi, kafin a samo mota gari ya waye, in kuma damina ce irin ta 2022 da ruwa ya shanye hanyoyin ƙasar Haɗejiya, sai a kwalekwale. Ita da ke jin ciwon, ita ce ta ƙarshe da ake tambaya.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa mini. Za a ce haihuwa ta Allah ce, rai da ajali nasa ne. Haka ne, babu musu. Amma tashin kwaɓi ma da ikon Allah ne, kuma hakan bai hana mu sa yis da rufe kwano ba. Wanda ya shuka alkama a lokacin zafi ya ce ya dogara ga Allah, maƙwabtansa dariya za su yi masa. Za a kuma ce zancen tazarar haihuwa baƙon abu ne, Turawa suka kawo don su rage mu. To ina tambaya, kalmar kwanika Bature ne ya ƙirƙiro ta? Kakanninmu sun san illar ciki a kan goyo tun kafin a gina asibiti ko ɗaya a ƙasar nan, shi ya sa suke mayar da mai jego gidan iyayenta wanka, suke jin kunyar a ce 'yarsu ta yi kwanika. Alƙur'ani a cikin Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku na shayarwa, su kuma likitocin yau shawararsu ita ce a bar aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani cikin. Kun ga al'ada da addini da likita sun haɗu a wuri guda. Mai gaggawa ne kaɗai ya ware.

A kan aure kuwa, ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya warware auren Khansa'u da mahaifinta ya ɗaura mata ba da sonta ba. Na san malamai suna da bayani mai tsawo a kan ikon uba, kuma ni ba malama ba ce. Abin da na sani shi ne babu malamin da ya halatta wa uba ya cutar da 'yarsa. Jihar Jigawa ma ta sa hannu a dokar kare yara a 2021. Sai dai doka a takarda kamar yis ne a cikin leda, in ba a zuba shi a kwaɓi ba babu abin da zai tayar.

Amma a nan misalina ya tsaya, kuma wajibi ne in faɗa. Yarinya ba kwaɓi ba ce. Kwaɓi ba shi da baki, shi ya sa muke leƙa shi muna danna shi da yatsa don mu gane halinsa. Ita kuwa Allah ya ba ta harshe da hankali. Ke nan haƙƙinta ya fi na kwaɓi girma: bayan a jira lokacinta, sai kuma a tambaye ta. Kada wani ya ce ina nufin mace ta yi gaban kanta ta yi watsi da miji da iyaye. Gida da shawara ake gina shi. Ina cewa ne a cikin masu shawarar, wadda za ta ɗauki cikin wata tara ta kwanta a bakin mutuwa ta haife shi, muryarta ce ya kamata ta fi nauyi. Yanzu kuwa ita ce ba a ji sam.

Wannan ya kawo ni kan mu marubuta, domin mu ma muna da ɗakin bayan da muke ɓoye mutane. Ɗauki littattafan soyayya goma ki duba taurarinsu. Fara ce, doguwa, gashi har gadon baya, gidansu a Nasarawa ta Kano, saurayinta ya dawo daga Ingila da mota. To su wa ke karantawa? Ni na san masu karatuna. Akwai mai tallar gurasa da ke haɗa kuɗin haya da ƙawayenta su karɓi littafi ɗaya. Akwai Bafulatanar ruga da ƙanenta ke karanta mata, akwai 'yan Mangawa da Badawa na ƙasar nan tamu, akwai makauniyar da ke sauraro a rediyo, akwai ɗalibai 'yan Kudu a Jami'ar Sule Lamido da suka koyi Hausa a nan garin, ga kuma dubbai da ke bin labari a WhatsApp da Facebook. Baƙa da gajeriya da gurguwa da bazawara duk suna cikin masoyan littafi, amma a cikin littafin sai dai su fito a 'yar aiki ko muguwar kishiya ko abin dariya. Yarinyar da ta karanta littafi ɗari ba ta ga mai kama da ita an so ta ba, me muka koya mata game da darajarta? Kuma wadda ta yarda ba ta da daraja, yaya za ta buɗe baki ranar da ake yanke hukunci a kan jikinta?

Wani ɗan kasuwar littafi ya taɓa duba rubutuna ya ce, "Hajiya, wa zai sayi labarin mai yoyon fitsari? Ki mayar da ita 'yar minista mana." Maganarsa tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Da ribar kek da alkaki nake biyan maɗaba'a, in littafi ya kwanta jarina ne ya kwanta. Kuma matar da ta yini a gaban murhu tana da haƙƙin ta karanta abin da zai ɗebe mata kewa, ba kullum kuka ba. Amma tarihinmu ya nuna kasuwa ba ta ƙi gaskiya ba. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka aurar tana yarinya, ta fitar da Wa Zai Auri Jahila? a 1990 a kan auren dole da hana 'ya mace karatu, kuma mata suka yi rububinsa. An zage ta, an zagi marubuta mata da yawa, har an ƙona littattafai a Kano a 2007, duk da haka rubutun mata bai mutu ba. Tun 2016 ma BBC Hausa take shirya gasar Hikayata don gajerun labaran mata. Mai sayen alkaki zaƙi take nema, gaskiya ne, amma alkama ce ke riƙe mata ciki. Marubuciyar kirki za ta iya ba da duka biyun a faranti ɗaya.

Saboda haka ga roƙona. Ke uwa, kafin ki aiko mana da aikin gara, ki zaunar da 'yarki a ɗaki ku biyu ki tambaye ta, kuma ki saurari amsar ko da ba ita kike so ba. Kai maigida, tun cikin yana wata uku ka ba da izini a gaban shaidu cewa duk ranar da naƙuda ta zo a tafi asibiti ko kana nan ko ba ka nan, ka ajiye kuɗin mota a hannunta, kuma in ta ce jikinta yana son hutu ku je wurin ma'aikaciyar lafiya tare. Ke mai lalurar yoyo, ki sani ba ki yi laifin komai ba, kuma akwai magani a Jahun. Ku kuma 'yan'uwana masu alƙalami, a littafinku na gaba ku ba mai tallar gurasa suna da gida da wanda zai so ta, domin kuɗinta ne ke sayen takardar da muke rubutu a kai.

Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya ba marasa lafiya sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka tafi a kan gwiwa. Amin summa amin.