Ka Yar Da Camfi, Kada Ka Yar Da Sanin Ƙasa

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai saukar da ruwa, Mai rayar da ƙasa bayan ta bushe. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa matashi, Allah Ya yi maka albarka. Ka yi karatu, ka gane cewa ba a yanka wa tsamiya ɗan akuya, ba a zuba wa kuka nono don neman yardar iskoki. Madalla da wannan. Amma akwai wani kuskure da ke shigowa cikinmu, wato mu ɗauka duk abin da ya fito daga bakin tsoho camfi ne. Tsoho ya ce kada a sare gawon nan, sai ka ce ai gargajiya ce, ka ɗauko gatari. Wallahi ba haka addini ya koya mana ba.

Ka tsaya tukuna ka tambaye shi dalili. In ya ce aljani ne a ciki, ka yi masa nasiha cikin ladabi. In kuwa ya ce gero ya fi yin kyau a gindinsa, to, ka durƙusa ka ɗauki karatu, domin gaskiya ya faɗa. Gawo dabam yake da sauran itatuwa. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen kuma ya ruɓe ya zama taki. Da rani kuwa sai ya yi kore shar, dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashinsu a gonar. Saiwarsa ma ƙara wa ƙasa ƙarfi take yi. Masu binciken noma sun gwada sun tabbatar, amma kakanka ya riga su sani. To, ina shirka a nan?

Imamu Muslim ya ruwaito labarin manoman Madina masu haɗa furen dabino namiji da na mace. Wata shekara suka bari saboda wata magana da Manzon Allah (SAW) ya yi, dabino bai yi kyau ba. Da aka sanar da shi, sai ya mayar musu da al'amarin, ya nuna cewa sha'anin gona na masu saninsa ne. In shugaban halitta ya girmama sanin manomi, kai wane ne da za ka raina shi?

Dubi abin da ya faru a Nijar. An daɗe ana koya wa manoma cewa gonar kirki ita ce wadda aka share fes, babu ko kututture. Itace kuma a hannun hukuma yake, manomi ba shi da iko da shi, don haka bai ga amfanin rainonsa ba. Sai ga farin 1973, sai ga na 1984. Iska ta kwashe ƙasa, rairayi ya binne shuka, mata suna doguwar tafiya neman itacen girki. Aka dinga kawo dashe ana shukawa, galibinsu suna mutuwa.

A 1983 wani Bature ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a yankin Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sassabewa kowace shekara, irin su sabara da kalgo, toho ne na kututturen da saiwarsa ke raye a ƙasa. Manoma sun san kowanne da sunansa da amfaninsa. Aka fara abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a sassabe duka a ƙona, sai a zaɓi toho masu ƙarfi, kamar uku zuwa biyar, a rage sauran, a kare su daga awaki da wuta. Babu sayen iri, babu ban-ruwa, wuƙa ce kawai da haƙuri. Manomi ya gani wurin maƙwabcinsa ya kwaikwaya, daga Maraɗi har Damagaram. Bayan shekara 20 da ɗoriya, masu bincike suka ƙiyasta cewa an farfaɗo da kusan hekta miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200.

Haka ma a Burkina Faso, wani manomi, Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya raya tsohuwar dabarar haƙa ramuka a faƙo tun rani, a zuba taki, ruwan sama ya taru a ciki. Mutanen Tawa suna kiranta tassa. Ƙasar da aka fid da rai da ita ta sake ba da gero.

Saboda haka, ɗan'uwa, ga abin da nake yi maka wasiyya da shi. Na farko, kafin damina ka zaga gona tare da mahaifinka ko wani dattijo, ka tambayi sunan kowane itace da amfaninsa, ka rubuta. Dattijon nan in ya koma ga Allah, da saninsa zai tafi. Na biyu, in ka zo sassabe, ka bar toho, kada ka tumɓuke kututture. Na uku, ka bar cinna wa daji wuta don kama gafiya. Naman ba zai kai miya biyu ba, amma abincin dabbobin gari guda ka ƙona, hakkin kuwa yana wuyanka. Na huɗu, kada kuɗin buhun gawayi ya sa ka kayar da itacen da ya girme ka.

Ka tuna, ya tabbata a hadisi cewa duk abin da mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga shukar Musulmi, ana rubuta masa lada. Ƙasar nan amana ce, za a kuwa tambaye mu.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.