Walima A Lambun Haya: Mu Yi Hattara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ke fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ke 'yar'uwata, nasiharmu ta yau a kan yayin kama hayar lambu ko ɗakin taro mai cike da furanni domin biki ce. Abin ya fi yawa a birane irin su Kano, amma hotunansa sun iso mana har Yola da sauran garuruwan Karaye da Rogo ta wayar hannu. Yarinya ta gani, ta ce ita ma can za a yi nata.

Ɗakin shuke-shuke mai rufin gilashi a ƙasashen sanyi ya yi ƙarfi. Na lambun Kew da ke Landan an kammala shi a 1848, don a raya itatuwan ƙasashen zafi. Gilashin na barin hasken rana ya shiga, ya kuma riƙe ɗumi da laima. Mu kuwa zafi ne ya yi mana yawa, don haka irin wannan wuri sai da fanka, na'urar sanyaya ɗaki, ban-ruwa da janareta. Duk wannan ɗawainiya a cikin kuɗin haya take, kuma ke za ki biya.

Kada a fahimce ni ba daidai ba. Lambu ni'ima ce, bayar da shi haya kuma sana'a ce halal. Annabi (SAW) kansa yakan shiga Bairuha, lambun Abu Ɗalha da ke fuskantar masallacin Madina, ya sha ruwansa. Abin dubawa shi ne me muka aikata a ciki.

Na farko, bashi. Uwa ta sayar da akuyarta, ta kwashe adashinta, ta ƙara da rance, don taron awa uku. Ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra'i sun hana almubazzaranci, har suka danganta masu yin sa da shaiɗanu. Abdurrahman ɗan Aufu attajiri ya zama daga baya, amma da ya yi aure, walima ko da da akuya ɗaya aka umarce shi.

Na biyu, kati. Kujeru ƙidayayyu ne, sai a sa mai gadi a ƙofa. Gwaggo ta taso daga ƙauye da ɗan kwanonta na gudummawa, a tare ta a waje. Subhanallah! Bukhari ya ruwaito daga Abu Huraira zargi mai tsanani a kan walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa.

Na uku, cakuɗuwa da wasa da salla. Maza da mata a haɗe, mai hoto na yawo, magariba ta wuce saboda tsoron ɓata kwalliya. Hoton da ya shiga intanet kuma ba ya dawowa.

To mene ne mafita? In har Allah Ya hore miki, ku zauna da maigida ku yanke abin da za a kashe ba tare da bashi ba. Kafin ki ba da kafin alƙalami, tambayi mai wurin: akwai wurin alwala da salla? Za a ware mata daban? Mace za ta iya ɗaukar hoton? Ki kuma bar kujeru ga dangi marasa ƙarfi. In babu hali, tsakar gidanki ta wadatar, albarkar aure ba a furanni take ba.

Ki koma ki karanta ƙissar mai lambuna biyu a Suratul Kahfi, aya ta 32 zuwa 44. Ba lambun ne ya halaka shi ba, alfahari da butulci ne.

In kuma kore kike so, ai mu manoma ne. Tun da aka kammala dam ɗin Challawa a 1992 mutanenmu ke noman rani a gefensa. Dasa zogale, gwanda ko lemun tsami a inda kike alwala. Hadisin Anas a Bukhari da Muslim ya nuna duk abin da mutum, tsuntsu ko dabba suka ci daga shukar Musulmi sadaka ce gare shi.

Allah Ya ba 'ya'yanmu zaman lafiya a ɗakunansu, Ya haɗa mu a lambunan Aljanna. Amin. Wassalamu alaikum.