Shin Ceton Maraya Daga Dabbobin Teku Almubazzaranci Ne?

A gaɓar tekun Kalifoniya ta ƙasar Amurka akwai wata dabba, karen ruwa na teku. Larabawa ma kalbul ma'i suke ce wa irinsa, ko da yake ba dangin kare ba ne. Wani lokaci igiyar ruwa kan raba ɗan jariri da uwarsa, ta yar da shi bisa rairayi yana kuka. A garin Mantare akwai gidan ajiyar halittun ruwa da aka buɗe a 1984, wanda ma'aikatansa kan tsinci irin wannan maraya su yi jiyyarsa, sa'an nan su mayar da shi teku.

To, mai hankali zai tambaya: ina dalilin kashe dukiya a kan dabba alhali ga 'yan Adam suna kwana da yunwa? Tambayar tana da nauyi. A 1989, da jirgin dakon mai ya tsiyayar da mansa a tekun Alaska, an ƙiyasta cewa kowane karen ruwa da aka wanke aka sake ya ci kimanin dala 80,000, kuma da dama ba su daɗe ba suka mutu. Wanda ya kira wannan israfi ba za a ce ya yi wauta ba.

Amma sai a duba mafarin al'amarin. Allah bai yi wa wannan dabba kitse mai kauri irin na sauran dabbobin teku ba, sai ya tufatar da ita da gashin da babu mai yawansa a dukkan halitta. Gashin nan shi ya jawo mata. Fatake suka yi ta kashe ta har aka zaci ta ƙare a Kalifoniya, sai a 1938 aka ga wani ɗan garke da ya saura. Da ta yi ƙaranci, bushiyar teku wadda take ci ta yawaita, ta cinye dogayen ciyayin ƙarƙashin ruwa inda kifi ke fakewa. Ashe dai mai gadi ne aka kashe. A fikihu kuwa, wanda ya lalata abu shi ke da lamuninsa. Saboda haka aikin nan ya fi kama da biyan bashi bisa ga sadaka, kuma ba a ce wa mai bashi ya dakata sai talauci ya ƙare a duniya.

Hadisi ya tabbata cewa an gafarta wa wani mutum domin ya shayar da kare mai ƙishirwa, wata mace kuma ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Sai dai tausayi ma yana bukatar ilimi. Da farko mutane ne ke renon marayun da hannunsu, su kuwa suka saba da mutum, zaman teku ya yi wa da yawansu wuya. A 2001 aka miƙa wani maraya ga wata macen karen ruwa mai suna Tula, wadda ta rasa nata ɗan. Ta rungume shi, ta koya masa neman abinci. Abin da masana suka kasa, uwa ta iya.

Marayun da aka rena haka aka sake su a wata fadamar bakin teku mai suna Elkon, suka hayayyafa, suka rage ƙaguwa, ciyawar ruwa ta sake tsirowa. Yau adadinsu a Kalifoniya ya kai wajen 3,000. Wannan bai sauke wa kowa hakkin maƙwabcinsa mayunwaci ba, ko kaɗan. Wanda ya ciyar da dabba ya bar maƙwabci ya juya tsarin wajibai, kuma za a tambaye shi.