Sallama a Kango

Hoton da ya jawo wannan rubutu na gan shi ne a wayar wani abokin karatuna, muna zaune bakin shayi bayan darasin yamma. Wata doguwar tasha ce a ƙarƙashin ƙasa, babu kowa cikinta, fitila ɗaya tana ci daga can nesa, bango duk zane-zanen fenti. Ya ce mini sunanta Saint-Martin, tana cikin birnin Paris. Tashar metro ce, wato jirgin da ke bi ta ƙarƙashin gari. An rufe ta a 1939 da aka fara Yaƙin Duniya na Biyu, aka sake buɗe ta na ɗan lokaci bayan yaƙin, sannan aka rufe gaba ɗaya saboda ta yi kusa ƙwarai da wata tashar. Har yau jirage na wucewa ta cikinta, ba sa tsayawa. Akwai irinta da yawa a garin: Croix-Rouge, Arsenal, Champ de Mars. Akwai ma Haxo, wadda aka gina amma ba a taɓa yi mata matakalar fita titi ba, don haka fasinja bai taɓa sauka cikinta ba.

Akwai samari da ƴan mata a Turai da Amurka waɗanda sha'awarsu ke nan: su saci jiki cikin dare su shiga irin waɗannan wurare da kyamara. Suna da ƙa'ida a tsakaninsu, cewa kada ka fasa komai, kada ka ɗauke komai sai hoto. Tambayar da ta hana ni sakat tun ranar ita ce, mutumin da ya shiga inda aka kulle, bai ɓata ba, bai sata ba, hoto kawai ya ɗauko, ya yi laifi ko bai yi ba?

Da farko ni ina bayansu, kuma har yanzu hujjarsu ba ta banza ba ce. Da kuɗin jama'a aka gina waɗannan tashoshi, tarihin da ke cikinsu kuma na jama'a ne. Tashar Aldwych ta Landan, wadda aka rufe a 1994, cikinta mutane suka riƙa kwana lokacin da jiragen Jamus ke jefa bama-bamai. Tashar City Hall ta New York an buɗe ta a 1904 da ado kamar fada, aka rufe ta a 1945, yanzu jirgi kawai ke juyawa a cikinta. A Barlin kuwa, daga 1961 da aka gina katanga har zuwa 1989, jiragen Yamma na ratsa tashoshin Gabas a hankali ba tare da tsayawa ba, fasinja na hangen masu gadi da bindiga cikin duhu. Wanda bai gani ba zai ce tatsuniya ce, amma gani ya kori ji. Mu ma nan Yamai muna da tashar jirgin ƙasa da aka ƙaddamar a 2014, dogo ya kai Doso a 2016, amma ba mu ga jirgin fasinja na kai da komo ba. Duk wanda ya ɗauki hoton wannan dogon ya ajiye shaida, kuma shaida ba ta yi wa mai kulle ƙofa daɗi. Kulle dai ba kullum ba ne yake nufin gaskiya tana wajen mai mabuɗi.

To me ya canza mini ra'ayi? Kalma ce, wataƙila don karatuna ke nan. Faransawa na kiran waɗannan wurare tashoshin fatalwa, Jamusawa ma haka. Mu kuma muna da kango, muna da kufai. Muna cewa an yashe wuri, an bar shi. Ku dubi wannan “an” ɗin da kyau. Tana ɓoye wanda ya tafi, kuma ba ta ce komai ba game da wanda ya zo bayansa. Da zarar ka ce fatalwa, ka riga ka yanke hukunci cewa babu mai rai a wurin. Amma wani ɓangare na Saint-Martin ɗin nan, an mayar da shi wurin da marasa matsuguni ke zuwa da rana su yi wanka, su sha abu mai zafi. A New York kuma, cikin wani ramin jirgin ƙasa da ke ƙarƙashin lambun Riverside, mutane sun yi shekaru suna zaune, sun kafa ɗakuna da katako, har aka tashe su a shekarun 1990. Wurin da mai kyamara ya kira kango, wani gidansa ke nan.

Ba sai na je Paris ba na koyi wannan. A hutun bara, a Maraɗi, na shiga wani tsohon sito na zamanin cinikin gyaɗa, rabin rufinsa ya faɗi, rana na shigowa ta ramukan kwano layi-layi. Wallahi wurin ya yi kyau. Na ɗauki hoto wajen goma kafin idona ya kai kusurwa: tabarma a naɗe, buta, takalmin roba, da wata riga rataye a ƙusa. Kafin in juya sai na ji murya bayana.

“Samari, a gidanku ba a koya maka sallama ba?”

Wani dattijo ne, da ƙullin goro a hannu. Na ce, “Baba, ka yi haƙuri, na ɗauka babu kowa.” Ya dube ni, ya ce, “To ai ga kowa.” Bai yi faɗa ba, bai ce in goge ba. Ya wuce ya shimfiɗa tabarmarsa.

Abin da na yi daga baya shi ne ya fi ba ni kunya. Da na koma gida na zaɓi hoton da ya fi kyau, na yanke gefen da tabarma da buta suka fito, na sa a Facebook na rubuta “kango”. Mutane suka yi ta yabawa. Ban ɗauke wa dattijon nan ko tsinke ba, na cika ƙa'idar ƴan Turai tsaf. Amma na shiga ɗakinsa ba izini, sannan na share shi daga ɗakin don hoton ya fi daɗin kallo. Mu da Faransawa da Ingilishi duk “ɗauka” muke cewa game da hoto. Ashe harshe ya riga mu sanin cewa akwai abin da ake ɗaukewa.

Abokina na bakin shayi bai yarda ba. Ya ce in haka ne, ba wanda zai sake ɗaukar hoton komai, talauci kuma zai zauna cikin duhu inda masu mulki ke son ya zauna. Maganarsa na da ƙarfi, kuma ban ce a rufe ido ba. Amma akwai wanda ya nuna wata hanyar. Marc Singer, wanda ya yi fim ɗin Dark Days da ya fito a 2000 game da mazauna ramin nan na New York, zama ya yi tare da su, kuma su ne suka riƙe masa fitilu da kayan aiki. Duhun da ya shiga shi ne dai duhun da mai satar shiga ke shiga. Bambancin, shi mutanen ciki sun san sunansa.

Akwai kuma wani nauyin da hoto ba ya nunawa. Dogo na uku da ke ba jiragen metro na Paris wuta yana ɗauke da bolt 750. Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Mai shiga zai ce ransa ne, shi ya ga dama. Amma in ya faɗi, direban da ya taka shi ne zai kwana da abin har ƙarshen rayuwarsa, ma'aikata ne za su sauka su ɗauko shi, kuma dubban mutane masu sammakon aiki ne za su tsaya. In kuma hotonsa ya bazu, aka san ƙofar da ya bi, hukuma za ta toshe ta da siminti. Shi ya samu yabo ya wuce wani ramin. Wanda ke bi ta wannan ƙofar ya kwana lokacin sanyi fa?

Ga inda na tsaya, ƴan'uwa, kuma ina jiran wanda zai kawo hujjar da ta fi tawa a fitowa ta gaba. Kullen hukuma abu ɗaya ne, haƙƙin mutum wani abu ne dabam. Ana iya samun ranar da ƙetare kulle ya zama daidai, in abin da aka ɓoye na jama'a ne kuma mai shiga ya shirya ɗaukar hukuncin da kansa, ba ya ɗora wa wani ba. Amma ban ga ranar da share mutum daga wurin kwanansa zai zama daidai ba. A makarantar allo an koya mana cewa Suratun Nur ta hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, ta kuma sassauta game da gidajen da ba a zaune cikinsu. Matsalata a siton nan ita ce ni na yanke cewa ba a zaune, tun daga bakin ƙofa, don haka ya fi mini sauƙi. Tsofaffinmu kan yi sallama ko da sun shiga ɗakin da ba kowa. Dā ina ɗaukar wannan tsoron aljanu ne. Yanzu ina ganin sun san ido na iya kuskure.

Na cire hoton daga Facebook. Cikakken, mai tabarma da buta, yana nan cikin wayata, ban nuna wa kowa ba. In na koma Maraɗi a hutu mai zuwa zan sayi goro in je siton, in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama. In Baba yana nan, zan nuna masa, shi zai faɗi abin da za a yi da shi.